Sojan da Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Bernice ta tsayar da mota a gindin wata bishiya, ɗan nesa da gidan, ta kashe, amma ba ta ɗauke hannu daga sitiyari ba.

"Ga shi can, mai farin shinge," ta ce. "Za ki shiga, ko kallon fenti muka zo?"

Nadine Tolliver tana ta gyara siririn tiyon da ke kai mata iska hanci daga 'yar tukunyar da ke tsakanin ƙafafunta. Tun safe suka baro Knoxville suka nufo wannan ƙaramin gari na kudancin Kentucky, kuma duk tsawon hanyar nan tana shirya abin da za ta faɗa. Yanzu da aka iso, babu ko ɗaya da ya rage a kanta.

Tsohuwar magana ce ta kawo ta. Tana da shekara ashirin da 'yan kai, tana soja, makanikiyar jirage masu saukar ungulu, aka kore ta. Kowa a barikin ya san dalili: an gano mace take so ba namiji ba, kuma a wancan zamani wannan kaɗai ya isa a tuɓe wa mutum kaki. Amma da yake ta ƙi buɗe baki ta amsa, ba haka aka rubuta ba. Aka rubuta ƙin zuwa aiki da rashin ɗa'a, aka ba ta sallamar wulaƙanci, irin wadda ke rufe wa mutum ƙofar asibitin tsoffin sojoji da duk wani haƙƙi na wanda ya taɓa bauta wa ƙasa. Ta haɗiye abin, ta kama gyaran manyan motoci, ta haɗu da Bernice direbar motar 'yan makaranta, suka zauna tare, da doka ta ba da dama suka yi aure.

Sai huhu ya kama ta, magani ya fi ƙarfinsu. Ana nan aka ce gwamnati ta buɗe hanya, duk wanda aka kora kan wancan dalili ana iya gyara masa sallamarsa. Lauyanta, wani mai sanƙo da ake kira Ortega, bai ɓoye mata komai ba.

"Malama Tolliver, da gaskiya suka rubuta da tuni an gama. Amma fayil ɗinki ko kusa bai ambaci maganar ba. Mutum mai rai nake bukata, wanda zai tsaya ya ce ya gani."

Mutum ɗaya Nadine ta sani: Glenda, wadda suka so juna a ɓoye a barikin, wadda kuma ta ba masu bincike sunan Nadine. Ortega ya nemo ta. Yanzu matar wani Beasley ce.

"Idan ta gaya miki maganar banza," in ji Bernice, "ki maka mata tukunyar nan a ka. Ni dai ban ga komai ba."

Nadine ta rataya tukunyar a kafaɗa ta fita.

Ba Glenda ce ta buɗe ƙofa ba. Wani dogon tsoho ne, ya ɗan ranƙwafa, kunnensa na hagu da tsaga a sama. Nadine na ganin kunnen nan ta gane shi. Ɗan sandan soja ne da ya tsaya gadi a bakin ɗakin da aka tsare ta ana yi mata tambayoyi. Shi ne kuma ya kai ta ƙofar bariki a ranar ƙarshe, ya sauke mata jaka a bakin titi, ya juya motarsa ya tafi.

"Tolliver," ya ce, da sunan mahaifi, kamar ana kiran suna a fareti.

"Kofur Beasley."

"Virgil ake ce mini yanzu. Shigo. Tana kicin."

Glenda ta yi ƙiba, gashinta ya yi fari fat. Ta san da zuwan, don Nadine ta bar mata saƙo a waya, amma duk da haka sai da ta dafa tebur. Firjinta cike da hotunan yara, a bango ga takardar yabo daga zumuntar mata ta coci. Ta shiga zuba shayi mai ƙanƙara. Virgil ya ja kujera ya zauna a gaban tebur, ya jawo burodin masara yana yankawa a hankali, alamar ba inda za shi.

"Kin rame," in ji Glenda.

"Ke kuma kin cinye rabona."

Ba wanda ya yi dariya. Aka taɓa maganar hanya, da zafin bana, da ruwan da ya ƙi sauka.

"Kin yi aure?" Virgil ya tambaya, idonsa a kan wuƙa.

"Na yi."

"Shi ne a mota?"

"Ita ce a mota."

Wuƙar ta tsaya. Glenda ta zuba wa kofinta ido kamar za ta shige ciki. Nadine tana jin 'yar tukunyarta tana fitar da iska, fis, fis, duk ɗakin ba wani sauti sai shi. Can Virgil ya miƙe, ya ɗauki kofi ya cika, ya ɗora yankan burodi a faranti.

"Ba a barin mutum a mota cikin wannan rana," ya ce, ya fita.

Ƙofa na rufuwa Glenda ta kamo hannun Nadine.

"Me kike so da ni, Nadine? Don Allah faɗi da sauri."

Nadine ta faɗa, a taƙaice. Kwamiti zai zauna wata mai zuwa. Ba a bukatar dogon labari. Ta tsaya kawai ta ce abin da aka tambaye ta a ɗakin nan, da abin da aka sa ta faɗa.

"A rubuta da sunana?"

"Da rantsuwa ake yi."

"Ki rufa mini asiri." Muryar Glenda ta koma raɗa. "Jikoki gare ni. Virgil dattijon coci ne. A garin nan in kika yi atishawa a kanti, kafin ki iso gida an ce kin kwanta asibiti. Kuma shi bai sani ba."

"Bai sani ba? Shi ne fa a bakin ƙofar!"

"Ƙofar a rufe take. Abin da ya sani an kira ni shaida, shi ke nan. Bai taɓa tambaya ba, ban taɓa faɗa ba."

"Glenda, dube ni. Ban zo ki ba ni haƙuri ba. Wannan ya wuce tun muna da haƙora. Numfashi nake nema. Likita ya ce turirin man jirgi da sinadarin wanke inji ne suka fara cinye mini huhu. A bakin aikinsu na samo shi, kuma asibitinsu ya ce bai san ni ba."

Hawaye suka zubo wa Glenda. Ta share da gefen ƙyallen girkin da ta ɗaura, ta girgiza kai.

"Ba zan iya ba. Ki tsine mini in kina so. Ba zan iya ba."

Katakon baranda ya yi ƙara. Su duka suka waiga. Virgil ne tsaye a bayan ƙofar raga da kofi ba komai a hannu, kuma ba wadda ta san tun yaushe yake wurin.

"Ta mota ta ce shayin ya cika zaƙi," ya ce. "Amma ta shanye."

Nadine ta yi sallama ta fita da ƙyar. Sai da suka hau babban titi Bernice ta yi magana.

"Dogon nan naki akwai tambaya. Wai yaushe ne zaman, a ina za a yi."

"Ba ki dai gaya masa ba?"

"Mutum ya kawo mini shayi har mota, ya tambaya da ladabi..."

"Bernice! Kin san ko wane ne? Shi ya tsare ni! Shi ya watsar mini da jaka a titi!"

"To ai ba a rubuce yake a goshinsa ba," in ji Bernice a hankali.

Ranar zaman, a wani ɗaki marar taga a ginin gwamnati da ke Nashville aka ajiye su. Tebur ɗaya, tuta a kusurwa, da babban allon talabijin inda ake ganin hafsoshin kwamitin zaune a jere daga can wani gari. Wata Kanar mai gajeren gashi ce shugaba. A gefenta wani Manjo mai tabarau yana ta juya fayil.

Kafin a fara, Ortega ya shigo da gumi a sanƙonsa, ya sunkuyo kunnen Nadine.

"Akwai mutum a waje. Beasley. Ya ce shaida ya zo bayarwa."

"Mace?"

"Namiji. Na tambaye shi me zai ce, ya ce sai a gaban kwamiti. Malama Tolliver, a aikinmu ba a kiran shaidan da ba a san bakinsa ba. Yana iya binne mu da rai. Amma shari'arki ce, ke za ki zaɓa."

"Bar shi a waje," in ji Nadine.

Aka rantsar da ita, ta ba da labarinta. Ta ce ranakun da aka rubuta ba ta zo aiki ba, a ranakun nan tana hannunsu, a wani ɗaki bayan ofishin 'yan sandan soja, ana tambayarta da wa take kwana. Tana magana tana tsayawa jan iska. Manjo ya jira ta gama, sannan ya cire tabarau.

"Malama Tolliver, ba ƙaryata ki nake ba. Amma abin da ke gabana shi ne sa hannun kwamandanki cewa ba a gan ki wurin aiki ba. Babu inda aka ce an buɗe bincike a kanki. Kwamandan ya rasu. Ban da bakinki, me za mu riƙe?"

Ortega ya fara bayanin yadda ake yin irin wannan a wancan lokaci. Manjo ya ɗaga hannu.

"Mun san ana yi, Lauya. Tambayar ita ce ko an yi wa wannan."

Nadine ta ga Kanar ta duba agogo. Ta ga wani hafsa a ƙarshen layi ya rufe fayil ɗinsa. Bernice, da ke zaune a baya, ta daina motsi gaba ɗaya. Nadine ta taɓa hannun rigar Ortega.

"Kira shi."

"Kin tabbata?"

"A'a. Kira shi."

Virgil ya shigo da kwat ɗin zuwa coci, ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa, ya zauna a miƙe. Bai dubi Nadine ba. Kanar ta tambaye shi ko ya san mai ƙara.

"Na san ta, ranki ya daɗe. Mai taurin kai ce. Ban taɓa ganin soja mai bakin tsiya irinta ba. A gabana ta zagi hafsa."

Ortega ya runtse ido. Manjo ya gyara zama ya ɗauki biro.

"Wane hafsa?"

"Mai binciken, ranka ya daɗe."

"Wane bincike?"

"Wanda ake yi a kanta. Ni ne mai gadin ƙofar. Ya ce ta lissafo masa matan barikin da take hulɗa da su, ita kuma ta ce ya je ya lissafo haƙoran uwarsa."

Wani a cikin hafsoshin ya yi tari ya rufe baki. Virgil bai ko murmusa ba. Ya ci gaba, a hankali, kamar mai ba da rahoto. Da safe shi ke ɗauko ta daga ɗakin kwana kafin kiran suna, da yamma ya mayar. Shi ke kai mata abinci. Ranakun nan da aka ce ba ta zo aiki ba, ba ta da yadda za ta zo, don makullin ɗakin yana aljihunsa. Kuma tun daga farko har ƙarshe ba a taɓa yi mata tambaya a kan aiki ba. Duk a kan mata ne.

"Kai da ke waje," in ji Manjo, "ta yaya ka san abin da ake tambaya a ciki?"

"Ƙofar siririn katako ce, ranka ya daɗe. Ko mutum ya haɗiyi yawu ana ji."

"To wa ya kai sunanta? Bincike ba ya tashi haka kawai."

Ortega ya miƙe ya ce wannan ba ya cikin abin da ake nema. Manjo ya ce yana ciki, don in akwai wanda ya kai suna, to akwai bincike. Kanar ta ce shaida ya amsa iyakar abin da zai iya. Virgil ya daɗe yana kallon hannuwansa. Nadine ta sami kanta tana girgiza masa kai, ita da ta yi tafiyar rabin yini neman wannan magana.

"Wata yarinya ce," ya ce. "Ba ta kai ashirin ba. A ɗakin nan aka sa ta, kafin Tolliver. Ta yini tana cewa ba ta san komai ba. Sai suka jawo tarho suka ajiye a gabanta. Mahaifinta fasto ne. Suka ce za su kira shi su gaya masa abin da 'yarsa take yi a soja. Ina ji suna juya lambar, ɗaya bayan ɗaya. Ba su kai ƙarshe ba ta faɗa."

"Sunanta?"

"Ranka ya daɗe, na rantse zan faɗi gaskiya, kuma na faɗa. Sunan nata ne, ba nawa ba. Abin da zan iya ƙarawa, shekara kusan arba'in ke nan ina cin girkinta, kuma har yau in waya ta yi ƙara sai ta zabura."

Manjo ya ajiye biro.

"Malam Beasley," in ji Kanar, "me ya hana ka faɗin wannan tuntuni?"

"Ba wanda ya tambaye ni, ranki ya daɗe. Ni ma ban so a tambaye ni ba." Ya gyara wuyan rigarsa. "Kada a fahimce ni a karkace. Ni dattijon coci ne, abin da na yi imani da shi a kan irin wannan zama yana nan inda yake. Amma an rubuta matar nan ta gudu daga aiki alhali ni nake tsare da ita. Ƙarya ce, kuma da ni aka yi ta."

Kanar ta ce kwamiti zai yi shawara, za a aiko da hukunci. Allon ya yi baƙi.

A farfajiya Nadine ta iske Virgil yana neman inda ya sa makullin mota. Ta tsaya har numfashinta ya daidaita.

"Glenda ta san ka zo?"

"Na ce mata taya zan je saya."

"Da kwat?"

"Ta gani. Ba ta tambaya ba." Ya sami makullin a aljihun ciki. "Yau zan gaya mata. Duka. Ban san yadda za ta ɗauka ba, cewa tun kafin in ce ina sonta na sani."

Godiya ta yi wa Nadine nauyi a baki, rashinta ma haka. Bernice ce ta matso ta miƙa masa hannu.

"Ka dai tsaya ka sayi tayar," ta ce. "Kada ƙaryar ta zama biyu."

Hukuncin bai fito ba sai da sanyi ya shiga. An soke tsohuwar sallama, an ba ta ta girmamawa. Ortega ya kira yana ihu a waya har Bernice ta ce ya tausaya wa kunnen mutane. Virgil ya kira sau ɗaya ya ji yadda aka ƙare, ya ce madalla. Nadine ta tambaye shi labarin Glenda. Ya ce ta tafi wurin ƙanwarta a Ohio ta yi makonni, ta dawo, yanzu suna magana kaɗan-kaɗan. Glenda kanta ba ta taɓa kira ba, Nadine kuma ba ta sake neman ta ba.

Huhun bai warke ba, likitoci ma ba su ce zai warke ba. Amma an karɓe ta. Ranar da ta fara zuwa asibitin tsoffin sojoji, ta zauna a layin jira kusa da wani tsoho mai ƙafar roba da hular rundunarsa. Ya dubi Bernice, ya dube ta.

"Mijin wace ce a ciki?"

"Ni ce marar lafiyar," in ji Nadine. "Sojan ƙasa. Jirage masu saukar ungulu."

"Tuƙi?"

"Gyara."

"Ashe ku ne! Wanda ya ɗauko ni daga daji yoyon mai yake yi tun daga tashi har sauka. Duk ya ɓata mini wando."

"In yana yoyo, da mai a ciki ke nan. Ranar da ya daina yoyo ita ce ranar da za ka yi kuka."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har yana buga sandarsa a ƙasa. Ya ce ƙarya take, ta ce bai san inji ba. Suna cikin wannan musu wata nas ta leƙo ta kira sunanta, Bernice ta ɗauki tukunyar iskar, suka shiga.